Ɗumama Ɗaki ta Ƙarƙashin Daɓe: Na Waya ko na Ruwan Zafi?

"Assalamu alaikum Injiniya. Ina gina wa mahaifiyata ɗaki da falo da banɗaki a ƙauyenmu da ke ƙasar Ringim. Gini ya kai linta, ba a yi rufi ba, ba a zuba daɓe ba. Hajiya ta manyanta, sanyin hunturu yana tayar mata da ciwon gwiwa, kullum da daddare sai an shigar mata da kurfoti ɗaki, ni kuma hankalina ba ya kwanciya da hakan. Na taɓa kwana a wani masauki a Turkiyya inda ɗumi ke fitowa daga tayil. An ce mini iri biyu ne, na wayar lantarki da na ruwan zafi. Wanne ya kamata in sa? Wuta ba ta zama a garinmu, amma ina da sola mai batir biyu, akwai kuma rijiyar burtsatse a gidan."

Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya, ya saka maka da alheri a kan wannan hidima. Tambayarka ita ce wane tsarin ɗumama daɓe ya dace da gidan ƙauye inda wuta ba ta da tabbas, kuma ka yi ta a kan gaɓa, domin da an zuba daɓe an shimfiɗa tayil, rabin zaɓin ya wuce. Amsar a taƙaice: ɗakin kwananta kaɗai za ka yi wa, ka sa na ruwan zafi, ka haɗa shi da hitar ruwa mai aiki da rana, amma sai bayan ka yi silin mai kyau. Na waya bai dace da batir biyu ba. Ga dalilai.

Kafin nan, maganar kurfoti. Rashin kwanciyar hankalinka yana kan hanya. Gawayi idan yana ci a rufaffen ɗaki yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, tana fara wa mutum da ciwon kai da jiri da kasala, mai barci kuwa sai ya zarce. Ko jan garwashin da ya daina hayaƙi yana fitar da ita. Daga daren yau a ɗumama ɗakin da wuri, a fitar da kurfotin kafin ta kwanta, kada a jira sai an gama sabon gini.

Irin sanyinmu ba irin nasu ba ne

Ɗumama ɗaki daga ƙasa ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Gadon ƙasa da ake hura wuta a ƙarƙashinsa, wanda tsofaffi da masu jego ke kwanciya a kai, hikimarsa ɗaya da abin da ka gani a Turkiyya: a zafafa abu mai nauyi, shi kuma ya riƙa sakin ɗumi a hankali har gari ya waye. Mutanen Koriya ma tun da can suna bi da hayaƙin murhu ta ƙarƙashin daɓensu. Abin da ya canja yau shi ne an maye gurbin wuta da bututun ruwa ko waya, an kuma samu na'urar da ke tsayar da zafin inda ake so.

Sai dai kayan an tsara su ne don ƙasashen da ke shafe wata biyar ko shida cikin sanyi, dare da rana. Mu a Kano da Jigawa sanyin gaske daga Disamba ne zuwa farkon Fabrairu, kuma na dare ne. A Janairu zafin iska kan sauka zuwa wajen digiri 13 da asuba, wasu dararen ma ƙasa da haka idan jaura ta taso, amma kafin azahar ya koma kusa da digiri 30. Wato a rana ɗaya ɗakin yana buƙatar ɗumi na awa takwas zuwa goma, sauran awannin kuma ba ya buƙatar komai. Sauran wata tara ko goma na shekara tsarin a kashe zai zauna. Wannan shi ya sa na ce ɗaki ɗaya. Wanda ya shimfiɗa bututu a falo da baranda da ɗakunan yara ya binne kuɗi a ƙasa ne kawai.

Akwai kuma wani abu da mutane ba su cika lura da shi ba. Ƙasar da ke ƙarƙashin gida a nan ba ta da sanyi, zafinta yana bin matsakaicin zafin shekara ne, wanda a yankinmu ya kai wajen digiri 26. Tayil yana yi wa tafin ƙafa sanyi ne saboda yana saurin janye zafin jiki, kuma iskar ɗakin ta sanyaya samansa. Sanyin da ke damun Hajiya ta sama yake shigowa da ta taga, ba ta ƙasa ba.

A fara da silin da taga

Ɗauki ɗaki mai ƙafa 12 da 12, irin wanda aka fi ginawa, faɗinsa ya kama murabba'in mita 13. A ce waje digiri 12, ana son ciki ya tsaya a 22. Idan rufin kwano ne tsirara babu silin, zafin da ke fita ta kwanon kaɗai zai kai kimanin wat 900, domin kwano ba ya riƙe komai, da rana ta faɗi ya huce. Bangon bulo biyu da ke kallon waje za su ci wajen wat 500 zuwa 600, taga da ƙarƙashin ƙofa su ci wat 200 zuwa 300. Jimilla wajen wat 1,700. Ƙiyasi ne, amma ya isa a gane inda matsalar take.

To daɓe nawa zai iya bayarwa? Ƙa'idar wannan aiki ita ce saman daɓe kada ya wuce digiri 29 a inda mutane ke zama, domin fiye da haka yana kumbura ƙafa ya takura mai zama. A wannan zafin, cikin ɗaki mai digiri 22, kowane murabba'in mita yana ba da kimanin wat 75. Ka ninka da 13, ka samu ƙasa da wat 1,000. Ka ga ke nan ɗakin da ba shi da silin, ko wane irin tsari aka sa masa, daɓen ba zai cim ma abin da ke fita ba. Amma idan aka yi silin aka shimfiɗa masa abin tare zafi mai kaurin santimita 5 a bayansa, ko audugar gilashi ko farin soso irin wanda ake samu a kwalin sabon firji, abin da ke fita ta sama zai sauka ƙasa da wat 100, jimillar ta dawo wajen wat 900. Nan ne daɓe zai iya.

Silin ɗin kuma shi ne kaɗai kashin kuɗin da zai yi maka aiki a Afrilu, lokacin da kwano ke gasa ɗaki. Tun da ba a yi rufi ba, ka duba tagogi ma: iskar hunturu daga arewa maso gabas take kaɗowa, don haka tagar da ke wannan ɓangaren a yi ta ƙarama, mai rufuwa ruf, ba irin mai gilasai jere da iska ke bi ta tsakaninsu ba. A manna roba a ƙasan ƙofa. Gidaje da yawa da aka yi wa wannan gyara kaɗai, da bargo mai kyau, sun wadatu.

Na wayar lantarki

Wannan waya ce ta musamman da ke zafi idan wuta ta bi ta cikinta, galibi an ɗinke ta a jikin raga mai faɗin rabin mita, ana warware ta a ƙasa kamar tabarma, a shafe ta da gam ɗin tayil, a ɗora tayil. Kaurinta milimita uku zuwa huɗu ne, ba ta ɗaga daɓe, tana ɗumama cikin rabin awa zuwa awa ɗaya, kuma sanyawa ba wuya. Ana sayar da ita da ƙarfi daban-daban, wat 100, 150 ko 200 a murabba'in mita. Ba a shimfiɗa ta a ƙarƙashin gado ko sif, saboda haka a ɗakin da muke magana wajen murabba'in mita 8 za a rufe. Da mai wat 150, wat 1,200 ke nan.

Yanzu lissafin batir. Yunit ɗaya na mitar wuta shi ne wat 1,000 na tsawon awa ɗaya. Ɗakin zai buƙaci yunit 4 zuwa 6 a daren sanyi. Batir mai bolt 12 da amfiya 200 yana ɗauke da yunit 2.4 a rubuce, amma irin mai ruwa ko mai dalma ba a shanye fiye da rabinsa idan ana so ya yi ƙarko, saura yunit 1.2. Batir biyunka ke nan yunit 2.4 gaba ɗaya, su ne kuma ke riƙe fitilu da firji da cajin waya. Kafin tsakar dare inbata za ta fara kuka, lokacin da sanyin bai ma sauko ba. Janareta kuwa ba abin da za a kunna wa tsohuwa a bayan taga har asuba ba ne, ga tsadar mai ga hayaƙi. Idan kuma wutar gari aka dogara da ita, a tuna cewa wayar an yi ta ne don bolt 230. Ranar da wuta ta zo da rauni, a ce bolt 180, ƙarfin ba kaɗan yake raguwa ba: wat 1,200 zai koma wajen 730.

Babban abin da ya sa ba na son ta a ɗakin tsofaffi shi ne yadda muke zama. Mu a ƙasa muke shimfiɗa katifa, da darduma, da kafet mai kauri, a jibge kayan sawa a lungu. Waya ba ta san an rufe ta ba, zafi ɗaya take bayarwa ko'ina. Inda katifar soso ta danne, zafin ba shi da mafita, sai ya taru, ya lalata katifar, ya ƙona wayar a wannan gurbin, kuma da ta tsinke a wuri ɗaya duk shimfiɗar ta mutu sai an fasa tayil. Na'urar daidaita zafi tana auna wurin da aka sa mata ma'auni ne kawai, ba ta san abin da ke faruwa a ƙarƙashin katifa ba.

Inda take da amfani shi ne banɗaki, murabba'in mita biyu, wat 300, a kunna rabin awa kafin alwalar asuba. Wannan batirinka zai ɗauka. Idan za a yi, ga abin da ba a sassauci a kansa. Ba a yanke wayar mai zafi don ta yi tsawo, ragar kawai ake yankewa a juya. Wayoyi kada su haɗu ko su hau kan juna. Ma'aunin zafi a zura shi cikin siririn bututun roba tsakanin layuka biyu, don ranar da ya lalace a zare shi ba tare da fasa tayil ba. Dole a sa birekar da ke yanke wuta da zarar ta yi yoyo, mai miliamfiya 30, da wayar ƙasa ta gaskiya da aka haɗa da sandar tagulla, domin wuri ne na ruwa da ƙafa ba takalmi. Mai wayarin ya auna juriyar wayar sau uku, kafin shimfiɗawa, bayan shimfiɗawa, da bayan an gama tayil, ya gwada da abin da ke rubuce a kwali. Mai wat 300 za ta nuna wajen om 176 (om shi ne ma'aunin juriyar waya). Mafi yawan lalacewa daga bakin cokalin mai tayil take zuwa, kuma awon nan shi ke nuna a wane mataki aka yi ɓarnar. A yi amfani da gam ɗin tayil mai ɗan laushi da aka yi don daɓe mai zafi, ba kwaɓin siminti da yashi ba, a kuma bar shi ya bushe tsawon kwanakin da aka rubuta a buhunsa kafin a kunna.

Na ruwan zafi

Nan bututun roba ne mai kaurin milimita 16, irin PEX ko PE-RT, ake nannaɗewa a ƙasa a zuba masa daɓen siminti, ruwa mai ɗumi ya riƙa zagayawa ciki. Ruwan ba tafasasshe ba ne, digiri 35 zuwa 40 ya isa. Fa'idarsa ta farko a wurinmu ita ce daɓen ba zai taɓa wuce zafin ruwan da ke cikinsa ba, ko katifa goma aka jibga. Ta biyu, wadda ta fi, ita ce ruwa yana adana zafi da arha fiye da batir. Lita ɗaya idan ta huce da digiri ɗaya tana sakin wat 1.16 na awa ɗaya. Tankin hitar rana mai lita 300 da ya kai digiri 65 da la'asar, kafin ya sauka zuwa 35 zai ba da yunit 10 da 'yan kai. Wannan ya ninka abin da batir biyunka ke bayarwa sau huɗu. Wutar da tsarin ke buƙata ta ƙaramin injin zagaya ruwa ce kawai, wat 25 ko kusa da haka, kwata na yunit a dare.

Amma hazo yana rage wannan lissafi. Daidai lokacin da ake buƙatar zafin ne ƙura ke rufe rana, ta kuma kwanta a kan gilasan hitar. A ranar da hazo ya yi kauri a sa ran rabin abin da aka saba. Shi ya sa lita 300 don ɗaki ɗaya ba almubazzaranci ba ne, kuma dole a sa yaro ya riƙa goge gilasan duk bayan kwana biyu, da sassafe kafin su yi zafi, domin ruwan sanyi a kan gilashi mai zafi yana fasa shi. Idan daga tankin za a riƙa ɗiban ruwan wanka, a san cewa kowane bokiti daga rabon daɓe yake fita. Tankin idan ya cika da ruwa nauyinsa ya kusa kilo 400, ba a ɗora shi a kan kwano, a yi masa ƙafar ƙarfe a gefen gini, kusa da ɗakin, gilasan na kallon kudu.

Ruwan burtsatse kada ya riƙa wucewa ta cikin daɓe kai tsaye. Wasu rijiyoyin ruwansu na da gishiri-gishiri da ke barin farin dasashi idan ya yi zafi, kamar yadda ake gani a cikin butar shayi, wasu kuma suna ɗauke da yashi. A nemi hita mai naɗaɗɗen bututun tagulla a cikin tankinta, ruwan daɓe ya bi ta cikin tagullar ya ɗauko zafi ya dawo, ba tare da ya gauraya da na tanki ba. Ruwan daɓen kaɗan ne, bututu mai mita 75 wajen lita 8 da rabi yake ɗauka, sau ɗaya ake cika shi da ruwa mai tsabta a rufe. Rufaffen layi irin wannan yana buƙatar abubuwa huɗu a wuri ɗaya a jikin bango: bawul ɗin da ke sirka ruwan da ya fito daga tanki da wanda ya dawo daga daɓe don kada ya wuce digiri 40, ƙaramar tukunyar da ke karɓar kumburin ruwa idan ya yi zafi, bawul ɗin kariya mai buɗewa idan matsin ruwa ya kai bar 3 (bar shi ne ma'aunin matsi), da abin fitar da iska a wuri mafi tsayi. Bawul ɗin sirki shi ne wanda masu aiki ke son tsallakewa don rage kuɗi. Idan babu shi ruwa mai digiri 70 zai shiga daɓe, tayil ya ɗaɗɗago, ƙafa ta ƙone. Idan Hajiya na da ciwon suga abin ya fi haɗari, domin masu shi sukan rasa jin zafi a tafin ƙafa.

Wasu kan kawo shawarar a naɗa bututun ƙarfe a cikin murhun itace a haɗa shi da daɓe. Yana ɗumamawa, amma rufaffen ruwa a kan wuta, idan injin ya tsaya, tururi ne zai taru ya fashe. Ba na ba da shawararsa a gidan da babu mai lura da shi.

Yadda ake shimfiɗawa

Tun yanzu ka gaya wa magini ya rage cikon ɗakin Hajiya a kan sauran ɗakuna gwargwadon kaurin soso da daɓen da za a ƙara masa, in ba haka ba daɓenta zai fi na falo tudu, ƙofa ta ƙi buɗuwa, tsohuwa kuma ta samu abin tuntuɓe. A daddaɓe cikon sosai, a yi feshin maganin gara, a shimfiɗa leda mai kauri, a zuba kankaren ƙasa kamar yadda aka saba. Maganin gara ba na wasa ba ne a nan: gara ba ta cin farin soso amma tana huda shi ta yi hanya a ciki har ta kai ga katakon ƙofa da silin.

A kan kankaren sai allon soso mai tauri. A Turai suna sa santimita 10 ko fiye saboda ƙasarsu na da sanyi. A nan santimita 3 ya wadatar, aikinsa kawai ya hana zafin nutsewa cikin kankare da ciko. Yana da illa ɗaya da ya kamata ka sani: da bazara daɓen ɗakin ba zai yi sanyin nan da ake nema a kwanta a kai ba, kamar na ɗakin da ke manne da ƙasa. Wani dalilin ke nan na barin falo yadda yake. A zagaye gindin bango da siririn soso mai kaurin santimita ɗaya don daɓen ya samu wurin motsi idan ya yi zafi, a sake shimfiɗa leda, a ɗora ragar ƙarfe, a ɗaure bututun a jikinta da igiyar roba, ba da wayar ɗaurin rodi ba.

Tazara tsakanin layi da layi santimita 20, wato mita 5 na bututu a kowane murabba'in mita, mita 65 ga ɗakin, da na zuwa da dawowa a ce 75. Layi ɗaya kada ya wuce mita 100, in ya wuce injin ba zai iya tura ruwan yadda ya kamata ba, ƙarshen layin ya zauna da sanyi. A fara daga bangon da ke kallon waje, a bar santimita 10 zuwa 15 daga bango, a riƙa zagayawa zuwa tsakiya ana barin gurbi, sannan a juyo ta cikin gurbin a fito, ta yadda layin zuwa mai zafi da na dawowa mai sanyi-sanyi za su kasance kusa da juna, ɗumin ya daidaita. Lanƙwasa kada ta yi tsanani. Bututun da ya karye ya yi fari a gwiwa an cire shi ke nan.

Sharaɗi mafi girma shi ne kada a sami haɗi ko ɗaya a cikin daɓe. Bututun ya shiga a guda ya fito a guda. Filamba da ya saba da koren bututun PPR da ake narkewa a haɗa zai ce maka shi ma yana ɗaukar ruwan zafi. Gaskiya ne yana ɗauka, amma sanduna ne gajeru, ɗaki ɗaya zai ci haɗi da dama, kowanne kuma wurin yoyo ne da ba za a gani ba sai bango ya fara jiƙewa. Naɗin PEX ko PE-RT ba kaya ba ne da ake samu a kowane shago; ka tambaya a manyan dilolin kayan famfo a Kano, Ƙofar Ruwa ko Sabon Gari, in babu a yi oda, kuma a nemi mai rufin da ke hana iska ratsawa don kada injin ya yi tsatsa.

Kafin a zuba siminti a cika bututun da ruwa, a matsa shi zuwa bar 6 da famfon gwaji, a bar shi ya kwana. Zai ɗan sauka a awannin farko saboda robar na buɗewa, amma idan ya ci gaba da sauka akwai huda. A bar shi da matsin har a gama zuba daɓe, don idan shebur ko baro ya huda shi a gani nan take. A jera katako inda baro zai bi. Ka ɗauki hoton shimfiɗar da tef ɗin awo a kai, ka adana, saboda ranar da kafinta zai zo huda ƙasa ya kafa wani abu.

Daɓen ya zama santimita 6 da rabi, siminti ɗaya yashi huɗu, yashi mai kaifi wankakke, ruwa kaɗan. Zai ci buhu 6 zuwa 7. A tabbata aƙalla santimita 4 da rabi na siminti ya rufe saman bututun. Idan aikin ya faɗo cikin hunturu, busasshiyar iska za ta shanye ruwan daɓen kafin ya yi ƙarfi, ya tsattsage; a lulluɓe shi da leda, a riƙa yayyafa ruwa har mako guda. Ba a sa masa zafi sai ya cika kwana 21. Ranar farko a fara da ruwa mai digiri 25, a riƙe haka kwana uku, sannan a ɗaga zuwa 40 na kwana huɗu, a kashe ya huce, sai mai tayil ya shiga. Wanda ya yi gaggawa ya ɗora tayil a kan ɗanyen daɓe ya kunna zafi, shi ne ke jin tayil na ƙara kamar ganga idan an taka.

Yadda za a riƙa kunnawa

Daɓe mai wannan kauri nauyinsa ya kusa tan biyu, yana ɗaukar awa biyu zuwa uku kafin a ji ɗuminsa, haka kuma yake jinkirin hucewa. Saboda haka ba a jira sai an ji sanyi. A kunna injin da magariba, a kashe shi da kiran sallar asuba, ɗumin da ya rage zai kai ta har hantsi, lokacin da rana ta karɓa. Wanda ya bar shi har safiya zai tarar da ɗaki ya yi zafi da azahar, tanki kuma ya huce. Ƙaramin agogon kunna wuta da kashewa zai yi wannan aiki ba sai an tashi kowa ba. Tayil shi ya fi dacewa a sama. Tabarma da darduma marar kauri ba matsala, amma kafet mai soso daga bango zuwa bango zai toshe yawancin ɗumin, ledar ɗaki kuma ba a son ta wuce digiri 27. Da bazara a riƙa kunna injin na 'yan mintuna sau ɗaya a wata don kada ya kafe, a rufe bawul ɗin da ke zuwa tanki, a kuma lulluɓe wani sashe na gilasan hitar idan ba a shan ruwan sosai, don kada ta riƙa tafasa.

Ban ga ginin ba, saboda haka alƙaluman nan na ɗaki mai ƙafa 12 da 12 ne mai bango biyu a waje. Idan naka ya fi girma ko tagoginsa sun fi yawa, a sake lissafi. Farashi kuma yana bin dala, sai ka karɓi kuɗin kaya a rubuce daga wuri biyu ko uku. Ɗumi yana sassauta ciwon gwiwa amma ba ya maganinsa, a kai Hajiya asibiti a duba. Idan kuɗin bai kai a yi duka a bana ba, ka sa soso da bututun kawai, ka yi gwajin matsi, ka toshe bakunansa biyu a cikin ƙaramin akwati a jikin bango, domin su ne ba a iya sawa daga baya. Hita da injin sa iya jira har baɗi. Kafin lokacin, bargon lantarki mai wat 60 zuwa 100 zai ɗumama mata shimfiɗa da abin da bai kai yunit ɗaya ba a dare, batirinka zai ɗauka. A kunna shi awa ɗaya kafin ta kwanta, a kashe idan ta hau gado, kada a ninke shi yana kunne, kuma kada a yi amfani da shi idan shimfiɗar na iya jiƙewa.